Tsarin albashin malaman kwaleji na 2017 a Indiya: wa ya shiga, wa aka bari a waje?

A watan Oktoban 2017 majalisar ministocin Indiya ta amince da sabon tsarin albashi ga malaman jami'o'i da kwalejoji, aka ce zai fara aiki tun daga ranar 1 ga Janairun 2016. Gwamnati ta ce malamai da ma'aikatan da ke daidai da su kimanin 758,000 ne za su amfana. Sai dai sanarwar Delhi daban, kuɗi su shiga aljihun malami daban, kuma a tsakanin nan ne tambayoyin suka taru.

Wa ke yanke albashin malamin kwaleji?

Hannu uku ne a ciki. Gwamnatin tarayya kan kafa kwamitin duba albashin ma'aikatanta kusan duk bayan shekara goma, kuma na bakwai shi ne tushen wannan gyara. Hukumar UGC, wadda dokar 1956 ta ɗora wa alhakin kula da ingancin ilimi mai zurfi, ita ce ta daidaita shawarwarin da aikin koyarwa. Daga nan ma'aikatar da ke kula da ilimi ta fitar da takardar umarni a ranar 2 ga Nuwamban 2017.

Hannu na uku, wanda ya fi shafar yawancin malamai, shi ne gwamnatin jiha. Tun gyaran tsarin mulki na 1976 harkar ilimi ta zama ta haɗin gwiwa tsakanin tarayya da jihohi, kuma mafi yawan kwalejoji na ƙarƙashin jihohi ne. Malamin jami'ar tarayya ya shiga tsarin kai tsaye. Takwaransa na kwalejin jiha kuwa sai ya jira jiharsa ta fitar da nata umarnin.

Ke nan jiha na iya ƙin bi?

Tana iya jinkirtawa, kuma tana da ta cewa a wasu sharuɗɗan. Abin da tarayya ta yi shi ne kwaɗaitarwa: ta yi alkawarin mayar wa jiha rabin ƙarin kuɗin da ta kashe daga 1 ga Janairun 2016 zuwa 31 ga Maris ɗin 2019, muddin ta ɗauki tsarin dungurungum. A gyaran da ya gabata, na 2006, kashi 80 cikin ɗari tarayya ta ɗauka, don haka wannan karon nauyin ya fi danne jihohi. Bayan wa'adin kuma duk ɗawainiyar ta koma kansu.

Kotun Ƙolin Indiya ta taɓo wannan batu a 2013, a shari'ar da ta taso kan shekarun ritaya. A cibiyoyin tarayya malami na ajiye aiki yana da shekara 65, wasu malaman jihohi suka nemi a ba su haka. Kotu ta ce ba dole ba ne jiha ta ɗauki tsarin UGC, amma idan tana son tallafin tarayya to sai ta ɗauke shi gaba ɗaya.

To wane malami ne ya cancanta?

Nan ne gizo ke saƙar. Ba a duba yawan ajin da mutum ke shiga ko shekarun da ya yi yana riƙe da alli. Takardar ɗaukar aikinsa ake dubawa. An ɗauke shi aiki na dindindin? Gurbin da yake kai yana cikin guraben da gwamnati ta amince da su? Kwamitin tantancewa da doka ta tanada ne ya zaɓe shi? Yana da shaidar karatun da ake buƙata a lokacin da aka ɗauke shi?

Shaidar karatun a ƙa'idojin UGC na 2018 ita ce digiri na biyu da aƙalla maki 55 cikin ɗari, tare da cin jarrabawar cancantar koyarwa ta ƙasa (NET) ko takwararta ta jiha, wato SET ko SLET. Ana sassauta maki biyar ga wasu rukunonin al'umma da doka ta ware da kuma masu buƙata ta musamman. Wanda ya yi digirin digirgir bisa ƙa'idojin UGC an ɗauke masa jarrabawar. Jami'an ɗakin karatu da daraktocin wasanni na kwalejoji su ma suna cikin tsarin, abin da mutane kan manta.

Sharaɗin NET ya jawo rigima mai tsawo. A jihar Maharashtra an ɗauki malamai da yawa a shekarun 1990 ba tare da ita ba, aka shafe shekaru ana kai ruwa rana a kotuna kan ranar da za a fara ƙirga musu shekarun aiki. A ganina wannan ne ɓangaren da ya fi ciwo: hukuma ce ta ɗauki mutum a haka, amma shi ke biyan kuɗin sakacin.

Malaman kwalejoji masu zaman kansu fa?

Iri biyu ne. Akwai kwalejin da wata ƙungiya ko gidauniya ta kafa amma gwamnatin jiha ke biyan albashin malamanta. Malamin da ke kan gurbin da gwamnati ke biya a irin wannan kwaleji ya shiga. Akwai kuma wadda kuɗin makarantar ɗalibai ne kaɗai ke riƙe da ita. Nan gwamnati ba ta sa ko rupi ɗaya, kuma da yawa daga cikinsu na biyan abin da bai kai ma'aunin UGC ba. A kwaleji ɗaya ma ana iya samun malamai biyu a ofis ɗaya, ɗaya kan gurbin gwamnati, ɗaya kan kwas ɗin da kwalejin ta buɗe da kuɗinta, albashinsu ko kusa bai yi daidai ba.

Malamin wucin gadi da na kwantiragi?

Ba sa cikin wannan tsari. Ga masu zuwa su ba da lacca su tafi, UGC ta tsayar a 2019 da rupi 1,500 kan kowace lacca, kada ya wuce rupi 50,000 a wata.

Nawa ne albashin, kuma ya ake lissafinsa?

An soke tsohon salon da ke haɗa zangon albashi da kuɗin daraja, aka kawo jadawali mai matakai. Sabon malami, wanda suke kira Asistan Farfesa, yana farawa a mataki na 10 da rupi 57,700 a wata, ban da alawus. Mataki na 11 na farawa da 68,900, na 12 da 79,800. Asoshiyet Farfesa na mataki na 13A da 131,400, Farfesa kuma na mataki na 14 da 144,200.

Wanda yake bakin aiki tun kafin 2016, sai a ɗauki ainihin albashinsa na ƙarshen Disamban 2015 a ninka da 2.57, sannan a nemi adadin da ya yi daidai ko wanda ke gaba da shi a matakinsa. Misali mai karɓar 21,600, wato 15,600 na zangon albashi da 6,000 na kuɗin daraja, lissafinsa zai ba da 55,512. Tunda wannan bai kai farkon mataki na 10 ba, sai a ɗora shi kan 57,700. Kada 2.57 ta ruɗi mai karatu: alawus ɗin tsadar rayuwa da ake biya a da, wanda ya kai kashi 125 cikin ɗari, an narkar da shi a ciki, don haka ƙarin na gaskiya bai kai yadda lambar ke nunawa ba.

Shiga tsarin na nufin ƙarin girma?

A'a. Kowa na komawa matakin da ya yi daidai da tsohon matsayinsa. Hawa sama na da nasa ƙa'idojin: daga na 10 zuwa na 11 shekara 4 ga mai digirin digirgir, 5 ga mai M.Phil (digirin bincike da ke ƙasa da digirin digirgir), 6 ga wanda ba shi da ko ɗaya. Sannan shekara 5 zuwa na 12. Sai 3 zuwa 13A, inda digirin digirgir ya zama wajibi. Ana kuma duba kwasa-kwasan horo da rahoton aiki na kowace shekara.

Ariyas fa, da wanda ya yi ritaya kafin jiharsa ta fara biya?

Idan jiha ta ɗauki 1 ga Janairun 2016 a matsayin ranar farawa, malami na bin ta bambancin tun daga wannan rana, ko da ya ajiye aiki kafin umarnin ya fito, kuma za a sake lissafa haƙƙoƙinsa na ritaya bisa dokar fansho ta jihar. Jihohi da dama sun biya ariyas ɗin kashi-kashi. Kafin a biya, malami kan sa hannu a takardar alkawarin mayar da rarar kuɗi idan aka gano an yi kuskuren lissafi, shi ya sa ya kamata ya duba takardar daidaita albashinsa da kansa kafin ya sa hannu.