Dokar Manchesta ta 1847: dalilin da ya sa bishop 26 kacal ke zama a majalisar Birtaniya

Duk ranar da Majalisar Dattawan Birtaniya za ta zauna, wani bishop na Cocin Ingila ne ke buɗe zaman da addu'a, sanye da farar riga mai faɗin hannu da baƙa a samanta. Daga nan sai ya koma bencinsu, a ɓangaren gwamnati, kusa da karagar sarki. Yana da bakin magana, yana da ƙuri'a kamar kowane ɗan majalisa. Kujerunsu 26 ne, kuma asalin wannan iyaka birnin Manchesta ne.

A farkon ƙarni na 19 masaƙun auduga sun cika Manchesta da jama'a, alhali garin yana ƙarƙashin dayosis ɗin Chesta (dayosis shi ne yankin da bishop ke kula da shi), wanda ya yi wa bishop ɗaya girma. Sai aka yanke a ba shi nasa dayosis. Matsalar ita ce a lokacin sabon bishop na nufin sabuwar kujera a majalisa, kuma 'yan siyasa da dama ba sa son malaman coci su ƙaru a can. Da farko an so a haɗe dayosis biyu na Wels, wato Bangor da St Asaph, don a samu gurbi. Mutane suka ƙi. Dokar 1847 ta raba gardama: a kafa dayosis ɗin Manchesta, amma kujeru su tsaya a 26. A shekarar ne tsohon cocin garin, wanda ya samu matsayi na musamman tun 1421, ya zama babbar majami'a, domin a cikinsa aka ajiye kujerar bishop. Kujerar nan ce ke ba coci wannan suna, ko da ginin bai kai wani girma ba. James Prince Lee ne ya fara hawanta.

To yaya ake rabon? Wata doka ta 1878 ta tabbatar da tsarin. Biyar suna shiga kai tsaye: manyan bishop na Kantabari da Yok, sai na Landan, Durham da Winchesta. Sauran 21 layi ake bi, wanda ya fi daɗewa yana riƙe da dayosis shi ne gaba. Bishop na Manchesta ma cikin masu jira yake: David Walker ya kama aiki a 2013, bai shiga majalisa ba sai 2020. Mataimakan bishop, irin na Bolton da Middleton, ba sa cikin lissafi. Kuma kujerar majalisa ta muƙami ce, idan mutum ya yi ritaya, wadda doka ta sa a shekara 70, sai ya tashi na gaba a layi ya zauna.

Wannan layi ne ya so ya zama tarko ga mata. Sai a 2014 Cocin Ingila ya amince mace ta zama bishop, don haka duk wadda aka naɗa a ƙarshen layi za ta tsaya, bayan maza da suka riga ta da shekaru masu yawa. Dokar 2015 ta ce, na tsawon shekara goma, idan ɗaya daga cikin kujeru 21 ta faɗi kuma akwai mace mai riƙe da dayosis da ba ta shiga ba, ita za a ba. A ganina gyaran ya dace ƙwarai, domin ba adalci ba ne a rufe wa mutum ƙofa shekaru aru-aru, sannan a ce masa ya makara. Rachel Treweek ta Gloucester ce ta fara cin gajiyarsa a watan Oktoba na 2015, kuma an tsawaita wa'adin dokar zuwa 2030.