Masu hawa duwatsun Shere, kar rashin sanyin bana ya ruɗe ku

Salamu alaikum jama'a. Bana dai kowa ya shaida hunturu bai zo da ƙarfi ba, Jos ɗin da sai ka ɗumama ruwa kafin alwalar asuba yanzu mutum na fita da 'yar shat kawai. Shi ya sa duk ƙarshen mako za ka ga samari da 'yan mata sun yi ayari sun nufi duwatsun Shere da ke gabas da gari, ana hawa ana hotuna. Motsa jiki ne mai kyau ba mu hana ba, amma mu da ke aikin lafiya akwai abin da ke damun mu.

Babba a ciki shi ne ruwa. Iskar hunturu ko ba sanyi a bushe take, gumi na fitowa tana shanye shi nan take, sai mutum ya shafa goshi ya ji ba danshi ya ɗauka lafiya lau yake alhali ruwan jikinsa tafiya yake, har hakin da yake yi ma ruwa ne ke fita, ga rana na dukan dutse tun ƙarfe goma. Kafin ya ankara ciwon kai ya fara, jiri, ƙafa ta riƙe, fitsari ya yi kaɗan ya koma kalar shayin da ba madara. Kowa ya ɗauki aƙalla lita 2, wato fiya wata leda 4, kuma a riƙa kurɓa tun ba a ji ƙishi ba. A sa ORS, wato haɗin gishiri da suga na asibiti, a jaka, in babu, a lita 1 na ruwa mai tsafta a zuba ƙaramin cokali 6 na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Lemon kwalba da enaji dirin ba za su tsaya a madadin ruwa ba don Allah.

Sannan sanyin da babu a gari yana nan a sama fa. Jos tana kan tudu kusan mita 1,200, ƙololuwar Shere kuwa ta haura mita 1,800, kuma duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da wajen digiri 6, ga iska ba abin da ke tare ta. Bayan rigarka da jaka ta danne ya jiƙe, ka zauna hutawa iska ta buge ka, sai rawar ɗari. A tafi da suwaita ko da a ƙugu za a ɗaura. Masu sikila ku ne na fi ji, sanyi da ƙarancin ruwa da wahala su ne ke tayar da ciwon, ku tuntuɓi likitanku tukuna. Mai asma kar ya bar inhela a gida, ƙurar tana nan ko ba ta rufe gari ba.

Macizai ma ɗumin ya yi musu daɗi, suna fitowa shan hantsi a kan duwatsu. A sa takalmi rufaffe, ban da silifas, kuma kar a cusa hannu a kogo ko tsagar dutse don neman abin kamawa. In tsautsayi ya faɗa maciji ya yi sara, kar a ɗaure wurin tamau, kar a tsaga, kar a tsotsa, kar a tsaya neman baƙin dutsen da ake cewa yana zuƙe dafi. A cire zobe da agogo kafin kumburi, a hana ƙafar ko hannun motsi, a ɗauki mutum a kai shi asibiti da wuri a yi masa allurar kashe dafin maciji. Irin su kububuwa dafinsu hana jini daskarewa yake, tsagawar nan ƙara zubar jini kawai take yi.

Wajen saukowa a bi a hankali, gwiwa ta gaji ga tsakuwa da busasshiyar ciyawa na santsi, nan ake targaɗe. Netwok ba ko'ina yake kamawa ba, to a faɗa wa wani a gida inda aka nufa da lokacin dawowa, a tafi da wanda ya san hanya, a fara sauka tun kafin la'asar.