Kafin ka kafa tanti a bakin teku: abin da dokar gandun dajin Amurka ta ce

Mutum kan ɗauka cewa bakin teku ba shi da mai shi, duk inda yashi ya yi masa daɗi sai ya kafa tantinsa ya hura wuta. A gandayen daji na ƙasar Amurka da ke gaɓar teku, wannan tunanin na iya kai mutum gaban alƙali.

Tushen maganar dokar shekarar 1916 ce, wadda Shugaba Woodrow Wilson ya sa wa hannu aka kafa hukumar kula da gandayen daji ta ƙasa. Dokar ta ɗora wa hukumar aiki biyu masu karo da juna: ta bar jama'a su more wuraren, ta kuma bar su yadda suke domin 'yan baya. Kusan duk wani hani da za ka gani a allon shiga gandu daga nan ya samo asali.

Ƙa'idojin hawa biyu ne, kuma a nan baƙi suka fi yin kuskure. Akwai na gama-gari da ke cikin kundi na 36 na ƙa'idojin tarayya, masu aiki a kowane gandu. Sannan an ba shugaban kowane gandu ikon ƙara nasa, ya rufe wani wuri ko ya sa sharaɗin neman izini. Saboda haka abin da ya halatta a wannan gaɓa na iya zama laifi a wancan. A gandun Akadiya da ke jihar Maine, ba a kwana sai a sansanonin da aka keɓe, irin su Blackwoods da Seawall. A gandun Olimfik na jihar Washinton kuwa, mai gaɓar daji da ta kai mil 70 da 'yan kai, kana iya saɓa kayanka ka bi bakin ruwa ka kwana a kan yashi, amma sai da takardar izini, kuma ayari ɗaya ba ya wuce mutum 12.

Na gama-garin ba su da wuyar ganewa. Ba a haƙa ƙasa ko a baje ta don tanti ya zauna daidai. In ba a wurin da aka keɓe ba, ba a kafa tanti ƙasa da ƙafa 100 daga rafi, kogi ko wani ruwa. Daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe ba a damun mutane da hayaniya. Kare sai da igiya wadda ba ta wuce ƙafa 6 ba, a inda aka yarda a shiga da shi ke nan. Tun 2014 kuma an hana tayar da ƙaramin jirgi maras matuƙi a cikin gandayen, duk da kyan hoton da zai ɗauko.

Maganar abinci ce ta fi ba mutane mamaki. Ƙa'ida ta ce inda shugaban gandu ya ayyana, dole abinci da shara su kasance a rufe cikin mota ko ɗakin zango mai bango mai ƙarfi, ko a rataye su ƙafa 10 daga ƙasa, ƙafa 4 daga jikin bishiya. A gaɓar Olimfik ma ratayewar ba ta wadatar, sai an zo da wata gwangwani mai tauri da beyar, wata babbar dabbar daji, ba ta iya buɗewa, har man goge baki a ciki ake sa shi. Wani zai ce wannan tsanani ne, ni kuwa ina ganin nan ne dokar ta fi gaskiya. Dabbar da ta ɗanɗana abincin mutane ba ta mantawa, za ta riƙa zagaya tantuna, wata rana ta ji wa wani rauni, ƙarshenta ita ake kawarwa. A tsibirin Assateague, wanda shi ma hukumar ke kula da shi, dawakan daji na shiga sansani suna buɗe akwatin abinci. Shi ya sa aka hana ciyar da su ko taɓa su, aka ce a tsaya ƙafa 40 nesa da su.

Wuta sai inda aka yarda, kuma ba a tafiya a bar ta tana ci. A yawancin gaɓar Olimfik ana ƙona itacen da teku ya tofo, amma akwai wani yanki kusa da tafkin Ozette da aka hana wuta ɗungurungum, sai dai risho.

To ɗan tsince-tsince fa? Asalin hukunci shi ne ba a ɗaukar komai, dutse ne, tsiro ne ko tsohon kayan tarihi. Sai dai shugaban gandu na iya ba da damar tsinkar 'ya'yan itace ko ɗaukar ƙwanson katantanwar teku wanda babu rai a cikinsa, gwargwadon amfanin kai ba na sayarwa ba. Idan kuma ka ga an kewaye wani yashi da igiya lokacin bazara, galibi wata 'yar tsuntsuwar gaɓa ce ke ƙwai a ƙasa, kuma dokar kare halittu masu ƙarewa ta 1973 na bayanta. Ƙwan kamar tsakuwa yake, ƙafa ɗaya ta isa ta fasa shi.

Saɓa waɗannan ƙa'idoji laifi ne na tarayya. Hukuncin na iya kaiwa tarar dala 5,000 ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun, kodayake a ƙananan laifuka jami'in gandu kan rubuta takardar tara ne kawai.

Akwai kuma abin da ba jami'i ke hukuntawa ba. Teku na cika ya janye kusan sau biyu a yini, kuma a gaɓar Olimfik akwai duwatsun da ba a zagaye su sai ruwa ya ja baya. Shi ya sa hukumar ke matsa wa masu izini su riƙe jadawalin cikar teku da taswira, su kuma kafa tanti sama da layin ciyawar ruwa da tarkacen da igiyar ruwa ta ƙarshe ta bari a kan yashi.