Yadda majalisar Amurka ta tunkari rikicin kuɗi na 2008: tambayoyi da amsoshi

Ranar 15 ga Satumba, 2008 bankin Lehman Brothers ya durƙushe. Nan take bankuna suka daina ba juna rance, don babu wanda ya san yawan ruɓaɓɓen bashin gidaje da ɗan'uwansa ke ɗauke da shi. Bayan kwana biyar gwamnatin George W. Bush ta kai wa majalisa buƙatar dala biliyan 700.

Me ya kai maganar majalisa, alhali ga babban banki?

Babban banki rance yake bayarwa, shi ma sai an ajiye jingina. Haka ya yi wa kamfanin inshora na AIG, inda ya ba shi rancen dala biliyan 85 washegarin faɗuwar Lehman. To amma bankin da asara ta cinye wa jari, rance ba ya tashinsa. Sai an zuba masa sabon jari ko an saye munanan basussukansa, kuma wannan kuɗi ne da za a iya yin asararsu. Tsarin mulkin Amurka ya hana fitar da ko sisi daga baitulmali sai da dokar majalisa.

Me ya sa majalisar wakilai ta yi watsi da ƙudurin da farko?

Daftarin da sakataren baitulmali Henry Paulson ya kawo shafi uku ne kacal, kuma a ciki har da sashen da ke cewa babu kotu ko hukumar da za ta sake duba shawarar da ya yanke. An yi mako guda ana gyara shi, aka cire wannan sashe, amma ran mutane ya riga ya ɓaci. Ga zaɓe saura mako biyar, kowane ɗan majalisar wakilai kuma kujerarsa na cikin zaɓen. Wa zai koma mazaɓarsa ya ce ya ceci bankunan da suka jawo masifar?

Ranar 29 ga Satumba ƙudurin ya faɗi, 228 suka ƙi, 205 suka amince. Kashi biyu cikin uku na 'yan jam'iyyar shugaban ƙasa, wato Republican, na cikin waɗanda suka ƙi. A ranar ma'aunin hannun jari na Dow Jones ya zube da maki 777.

Me ya canza har aka amince cikin kwana huɗu?

Tsoro, sai kuma ciniki. Majalisar dattawa ta ɗauki ƙudurin ta liƙa shi a jikin wani da majalisar wakilai ta riga ta aiko mata, domin dokar da ta shafi haraji daga wakilai take farawa. Ta ƙara masa abubuwan jan ra'ayi. An ɗaga inshorar ajiyar banki daga dala 100,000 zuwa 250,000 ga kowane mai ajiya, aka kuma cusa rangwamen haraji iri-iri, har da na masu ƙera kibiyoyin katako na wasan yara. Shafi uku ya koma kusan 450. Dattawa suka amince ranar 1 ga Oktoba da ƙuri'a 74 da 25, wakilai suka bi ranar 3 ga wata da 263 da 171, shugaban ƙasa ya sa hannu a ranar. Shirin da dokar ta kafa shi ake kira TARP.

Wane takunkumi majalisa ta sa wa kuɗin?

Ta raba su kashi uku. Biliyan 250 nan take, biliyan 100 idan shugaban ƙasa ya tabbatar a rubuce ana buƙata, sauran 350 kuma majalisa na da kwana 15 ta hana fitarsu idan an nema. Ta kafa ofishin babban sufeto na musamman, wanda Neil Barofsky ya fara riƙewa, da kwamitin sa ido da Elizabeth Warren ta shugabanta. Ta kuma sharɗanta cewa gwamnati ta samu haƙƙin sayen hannun jari a kamfanin da aka taimaka, don talaka ya ci riba idan kamfanin ya farfaɗo.

To kuɗin sun tafi inda aka ce?

A'a, kuma nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya. An sayar wa majalisa shirin a matsayin sayen ruɓaɓɓun basussukan gidaje. Kwana goma da sa hannu, Paulson ya tara shugabannin manyan bankuna tara ya zuba musu jarin dala biliyan 125 kai tsaye. Hujjarsa tana da ƙarfi: sanya wa kowane bashi farashi zai ɗauki watanni, kuma dala ɗaya ta jari tana ɗaukar nauyin rance ninkin-ba-ninkinta. Abin da ya ba shi dama shi ne wata jimla a dokar da ta bar wa sakatare ikon sayen duk wata takardar kuɗi da ya ga sayenta zai daidaita kasuwa. Da wannan jimlar ce Bush ya ba General Motors da Chrysler rancen dala biliyan 17.4 a Disamba, kwanaki kaɗan bayan ƙudurin ceton kamfanonin motoci ya mutu a majalisar dattawa.

Sai abin da ba a rubuta ba. Ba a tilasta wa bankuna su ba da rance da kuɗin ba, ba a ma tilasta musu su faɗi inda suka kai su ba. Game da masu gidajen da ake ƙwacewa, dokar cewa ta yi baitulmali ya ƙarfafa wa kamfanonin da ke karɓar biyan bashin gidajen gwiwa su sassauta. Ƙarfafa gwiwa ba umarni ba ne. Shirin da gwamnatin Obama ta ce zai taimaki iyalai miliyan uku zuwa huɗu bai kai ko kusa ba. Da labari ya fito a Maris 2009 cewa AIG ya raba wa ma'aikata garaɓasar dala miliyan 165, wakilai suka yi ƙudurin harajin kashi 90 a kanta, ya maƙale a dattawa. Ihu ne bayan hari.

A gefe guda, jarin kimanin dala biliyan 205 da aka zuba a bankuna sama da 700 ya dawo har da riba.

Yaushe aka yi dokar hana maimaituwa?

Ranar 21 ga Yuli, 2010 Obama ya sa hannu a dokar Dodd-Frank. Ta kafa hukumar kare masu karɓar bashi, ta tsara yadda za a rufe katafaren kamfanin kuɗi ba tare da ya ja wasu ba, ta taƙaita wa bankuna caca da kuɗinsu a kasuwar hannun jari. Hukumar da majalisar da kanta ta kafa don binciken musabbabin rikicin ba ta fitar da rahoto ba sai Janairu 2011, wato an rubuta magani kafin sakamakon gwaji ya fito. Ƙa'idojin hana cacar ba su kammala ba sai Disamba 2013, kuma a 2018 majalisa ta ɗaga ma'aunin bankunan da ake tsananta wa sa ido daga kadarar dala biliyan 50 zuwa 250.

Najeriya ma ta yi nata rikicin bankuna a lokacin. Haka aka bi?

Can majalisa aka fara zuwa, nan kuwa babban banki ne ya fara. Ranar 14 ga Agusta, 2009 gwamnansa Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar, wato Intercontinental, Oceanic, Union Bank, Afribank da Finbank, ya zuba musu naira biliyan 420. Kafin ƙarshen shekara adadin ya kai biliyan 620. Wasu 'yan majalisar tarayya sun yi ƙorafin cewa ba da izininsu aka fitar da kuɗin ba, babban bankin ya ce rance ne da dokarsa ta ba shi ikon bayarwa. Aikin majalisa ya zo daga baya, da dokar kafa AMCON da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Yuli 2010, hukumar da ta saye munanan basussukan bankuna, su kuma bankunan suna biyan wani kaso na kadararsu duk shekara don cike giɓin. Karɓo bashin daga manyan masu cin bashi ya yi wuya, har sai da aka gyara dokar a 2015 da 2019 da 2021, ana ƙara wa hukumar ikon bin diddigin asusu da ƙwace kadara.