Horar da sabbin masana bayofim kan kwamfuta da kasuwanci

Bayofim shi ne yauƙin da ƙwayoyin bakteriya ke yi idan sun manne a jikin wani abu, suka lulluɓe kansu da wani danƙo da su da kansu ke fitarwa. Shi ne santsin da yatsa ke ji a cikin randar da ta kwana biyu ba a wanke ba, shi ne kuma dattin da ke taruwa a gindin haƙori. Ana samun sa a robar fitsari ta asibiti, da gyambon da ya ƙi warkewa, da bututun ruwa, da ƙasan jirgin ruwa. Ƙwayoyin da ke cikinsa sun fi waɗanda ke yawo su kaɗai jure wa magani nesa ba kusa ba. Masanin ƙwayoyin bakteriya Bill Costerton da abokan aikinsa ne suka fito da wannan fahimta fili a 1978.

A Birtaniya, horar da masu digiri na uku da waɗanda suka kammala kwanan nan a wannan fanni yana cikin ayyukan cibiyar bayofim ta ƙasa, wato NBIC, wadda aka kafa a 2017 da kuɗin BBSRC da Innovate UK, hukumomin gwamnati masu tallafa wa bincike da ƙirƙira. Jami'ar Southampton ce ke jagorantar ta, tare da jami'o'in Edinburgh da Liverpool da Nottingham. Amurka ta riga ta: tun 1990 Jami'ar Jihar Montana ke da cibiyar bayofim da ke haɗa ɗalibai da kamfanoni.

Larura ce ta kawo koyon kwamfuta. Madubin likita mai hasken lesa yakan ɗauki hoton bayofim yanki-yanki, daga ƙasa zuwa sama, har gwaji ɗaya ya tara hotunan da ido ba zai iya ƙirga abin da ke ciki ba. Dole sai manhaja ta auna kauri da yawan ƙwayoyin, ta kuma ware masu rai daga matattu. COMSTAT, wadda aka samar a Denmark a 2000, ta daɗe tana wannan aiki. BiofilmQ ta biyo baya a 2021. Amma manhaja ba ta raba mutum da rubuta umarni da hannunsa. Shi ya sa ake koyar da harsunan rubuta umarnin kwamfuta Python da R, da manhajar Git mai adana tarihin gyare-gyare, sau da yawa bisa tsarin koyarwa na Software Carpentry da ya faro a 1998, inda malami ke rubuta umarni a allon kwamfuta, ɗalibai na bin sa layi-layi. Babbar ribar ita ce wani masani ya iya maimaita lissafin ya samu sakamako iri ɗaya.

Ɓangaren kasuwanci ya fi wuyar aunawa. Ana koyar da haƙƙin mallakar ƙirƙira, da ƙa'idojin hukumomi kan kayan asibiti, da yadda ake tunkarar masu zuba jari. Shirin ICURe, da ƙawancen jami'o'in Birtaniya mai suna SETsquared ya fara a 2014, yana ɗauke wa matashin mai bincike nauyi na 'yan watanni don ya bar ɗakin gwaji ya je ya tambayi masu saye ko suna buƙatar abin da ya ƙirƙiro. Wanda ya haɗa fenti mai hana ƙwayoyi mannewa a robar fitsari zai iya tarar da cewa asibiti ba zai ƙara ko sisi a kan kuɗin robar ba, alhali masu gyaran jiragen ruwa na neman irinsa ruwa a jallo. Wasu kan dawo su kafa kamfani, wasu su ba wani kamfani lasisi, wasu kuma su koma su sauya alƙiblar binciken.