Waiwaye: daga katin shan magani zuwa rumbun bayanai na intanet

Tambayar da ta daɗe tana damun ma'aikatan lafiya a Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, ita ce ko majinyaci ya sha maganin da aka ba shi bayan ya koma gida. Tarin fuka ne ya fi fito da wannan matsala fili, domin maganinsa na ɗaukar wata 6, kuma mutane da yawa sukan daina sha da zarar tari ya lafa, abin da ke sa ƙwayar cutar ta bijire wa magani.

A 1993 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana tarin fuka a matsayin lamarin gaggawa, daga baya ta yaɗa tsarin DOTS, inda majinyaci ke haɗiye ƙwaya a gaban ma'aikaci, shi kuma ya sa alama a kati. Tsarin ya ceci rayuka, amma nauyinsa a kan talaka ya faɗa: manomin da ke ƙauye sai ya bar gona, ya biya kuɗin babur, don ƙwayar da ba ta kai minti guda ana haɗiyewa ba.

Bayanan kuwa a takarda suke kwana. Sauyi ya zo da manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagoranta, aka fara aiki da ita a Indiya a 2006, kuma ma'aikatar lafiya ta Kamaru ta rungume ta. Alƙaluman da asibitocin gunduma suka shigar sukan taru a rumbu guda ta intanet, har jami'i a Yawunde ya ga inda magani ke shirin ƙarewa.

Sai dai jimillar gunduma ba ta nuna halin mutum ɗaya. Tun 2016 ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa na Kamaru, wata-wata cikin damina. Ma'aikaci yakan ba da na ranar farko da hannunsa, ya bar wa uwa na kwana biyu, kuma waɗannan kwana biyun rajista ba ta ganinsu.

Irin wannan giɓi ake neman cikewa. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da saƙon waya, da bidiyo, da akwatin magani mai rubuta lokacin da aka buɗe shi, don bibiyar masu tarin fuka. Idan bayanan suka isa rumbu, manhaja takan ware wanda ya tsallake kwanaki, a kira shi ko a je gidansa, a ƙyale mai kiyayewa ya ci gaba da nomansa. A ganina amfanin ke nan mafi girma, ko da yake buɗe akwati ba shi ne haɗiye ƙwaya ba, kuma inda wuta da layin waya ke yankewa, mai gaskiya ma sai ya bayyana kamar ya yi sakaci. Ga kuma sirrin majinyaci, musamman mai ƙanjamau, wanda ake ba magani kyauta tun 2007. Sai a Disambar 2024 Kamaru ta samu dokar kare bayanan mutane.