Motar lantarki ta hannu ta ƙi karɓar caji mai sauri: ina za a fara dubawa?

Mai motar lantarki ta hannu a Garwa, Marwa ko Njamena, da zarar caji mai sauri ya ƙi, hankalinsa kan babban batir yake tafiya, saboda shi ne mafi tsada a motar. Sau da yawa ba shi ne mai laifin ba. Abin da ya fi nuna inda matsalar take shi ne lokacin da cajin ya tsaya: ko bai fara ba sam, ko ya yanke cikin 'yan daƙiƙoƙi, ko yana tafiya amma a hankali.

Motata tana caji a gida, amma ta ƙi na mai sauri. Me ya sa?

Hanyoyin biyu ne daban. Wutar gida AC ce, kuma akwai caja a cikin motar da ke mayar da ita DC, irin wutar da batir ke ajiyewa, kafin ta shiga batir. Na'urar caji mai sauri ita ke yin wannan aikin da kanta, sai ta tura DC kai tsaye ta wasu manyan ƙarafa biyu na soket, da manyan wayoyi, da makunnai na musamman da ake kira kontakta. Saboda haka cajin gida ba ya ba da shaidar komai a kan wannan hanya ta biyu.

Kafin komai, tabbatar motar tana da hanyar ma. Renault Zoe ta kafin 2019 ba ta karɓar DC ko kaɗan, kuma ko a ƙirar 2019 zaɓi ne da mai saye na farko zai iya bari. Akwai Nissan Leaf da ta fito daga masana'anta da ƙaramin soket ɗaya kawai. Irin waɗannan ba lalacewa suka yi ba, haka aka ƙera su.

Bakin filogin bai dace da na motata ba. Adafta za ta wadatar?

Filogin caji mai sauri iri-iri ne: motocin Turai suna da CCS2, da yawa daga na Amurka CCS1, tsofaffin ƙirar Leaf suna da CHAdeMO, waɗanda aka ƙera don kasuwar Sin kuma GB/T. Bambancin bai tsaya ga siffar baki ba. CCS yana aika saƙonni tsakanin mota da na'ura ta kan siririyar wayar sarrafawa, CHAdeMO da GB/T kuwa da wani tsarin saƙo daban mai suna CAN suke aiki. Adaftar CCS2 zuwa GB/T tana da kwamfuta a ciki mai fassara saƙonnin, da ɗan batir nata. Idan ɗan batirin ya mutu, ko manhajarta ba ta san irin na'urar ba, caji ba zai fara ba ko da mota da na'ura lafiyarsu ƙalau. Yi wa adaftar caji ta USB, ka nemi sabuwar manhaja wurin wanda ya sayar maka, sannan ka duba yawan amfiya, wato adadin wutar da za ta iya ɗauka, da aka rubuta a jikinta.

Na soka filogi, na'ura ta yi kamar za ta fara, sai ta nuna kuskure. Me zan duba?

Nan ne aikin ya fi yawa, kuma a fara da mai arha.

Na farko, ƙaramin batir mai volt 12. Shi ke tayar da kwamfutocin motar, shi ke jan kontakta su rufe. Motar da ta yi makonni a jirgin ruwa da tashar Duwala, sannan ta hau tirela zuwa arewa, da wuya wannan batir ya iso da ƙarfinsa, zafin yankinmu kuma yana rage masa kwana. Auna shi da mita bayan motar ta kwana a kashe: volt 12.6 cikakke ne, 12.2 ya yi rabi, ƙasa da 12 ya yi rauni sosai. Idan motar tana kunne ya kamata a ga tsakanin 13 da 14.5 ko kusa da haka. In adadin bai tashi ba, na'urar da ke ciyar da shi daga babban batir ce ke da matsala.

Na biyu, makullin soket. Akwai ɗan ƙarfe da ke kama filogi don kada a zare shi wuta na gudu, kuma in bai shiga ba, cajin ba zai fara ba. Wayar caji mai sauri tana da nauyi, takan ja filogin ƙasa ya karkace. Tura shi har ƙarshe, ka tallafe shi da hannu har ka ji ƙarar kullewa kuma lambobi sun fara hawa. Idan cajin yana kamawa ne kawai in an tallafe, makullin ko bakin soket ɗin ya ci.

Na uku, ƙura. Bayan hunturu, haska cikin soket da tocila motar tana kashe. Busa ƙurar da iska busasshiya. Kada a sa ruwa, ko man inji, ko a tsokana da waya. Ƙarfen da ya yi baƙi ko robar da ta narke alama ce ta zafi, gyaranta kuwa sauya soket ne, ba gogewa ba.

Na huɗu, yoyon wuta. Kafin na'ura ta saki wuta, takan gwada ko hanyar DC tana yoyo zuwa jikin mota. Ana auna ƙarfin hana yoyo da om, kuma mafi ƙarancin abin da ƙa'ida ta yarda da shi om 100 ne ga kowane volt, wato om 40,000 ga batir mai volt 400, alhali lafiyayyar mota miliyoyin om take nunawa. Idan matsalar ta fi bayyana da damina, ko bayan wanke mota, ko bayan ratsa ruwa, to damshi ya shiga wani wuri: bayan soket, mahaɗin wayoyi, ko kwamfuresar sanyi, wadda ita ma daga babban batir take cin wuta.

Cajin yana farawa, amma maimakon kilowat 50 sai in ga 20. Batirin ya mutu ne?

Ba lallai ba. Dubi cikar batirin tukuna: daga kashi 80 cikin 100 zuwa sama kusan kowace mota tana rage saurin caji da gangan. Gwajin gaskiya shi ne a soka tana wajen kashi 20.

Sai zafi. A watan Afrilu da rana, iska kanta tana wuce digiri 40 a Njamena da Garwa, batirin da ya sha doguwar tafiya kuma ya fi haka zafi. Kwamfutar batir takan rage wuta don kare shi. Tsofaffin ƙirar Leaf suna shan wannan wahala sosai, domin batirinsu ba shi da ruwan sanyaya. Ƙirar 2018 mai kilowat-awa 40 ta yi suna wajen rage saurin caji a caji na biyu ko na uku cikin yini ɗaya. A ra'ayinmu, mai yawan zirga-zirga tsakanin Garwa da Marwa bai kamata ya zaɓe ta ba, ko da farashinta ya yi daɗi. Motar da ke da ruwan sanyaya kuwa, a duba yawan ruwan, da famfonsa, da iskar na'urar sanyi, saboda a motoci da yawa ita ke sanyaya batirin. Caji da asuba ko bayan isha'i ya fi.

Ta yaya zan gane laifin na na'urar caji ne?

A soka wata mota a wurin. In ita ma ta ƙi, to ba motarka ba ce. Na'urar tana buƙatar wuta mai layi uku, volt 380 zuwa 400. Layi ɗaya ya faɗi, ko ƙarfin wuta ya yi ƙasa kamar yadda ake gani da rani idan ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, sai ta rage ko ta yanke. Janareta da ya yi mata kaɗan ma haka. Ƙura takan toshe matatar iskarta ta yi zafi, sandar ƙarfen da ke sauke wuta cikin ƙasa da aka kafa cikin busasshen yashi kuma ba ta aiki yadda ya kamata. Ɗauki hoton lambar kuskuren da ta nuna kafin ta ɓace.

Yaushe ne za a zargi babban batirin?

Idan cajin yana yankewa a wuri ɗaya kullum, misali wajen kashi 60, a na'urori daban-daban kuma da sanyin safiya. A sa na'urar bincike ta OBD, wadda ake sokawa a mota don karanta bayanan kwamfutarta, a karanta ƙarfin kowane ɗaki na batirin, wato ƙananan baturan da suka haɗu suka yi shi, lokacin caji. A Leaf, manhajar LeafSpy tana nuna dukan 96. Bambancin milivolt 20 ko 30 ba komai ba ne. Idan ɗaya ya zarce sauran da 100 ko fiye, shi ke cika da wuri ya sa kwamfuta ta tsayar da kowa. A batura da dama ana iya sauya sashen da ya lalace kaɗai.

Bakaniken unguwa zai iya buɗewa?

Batir mai volt 12, fiyus, da share soket, eh. Duk wayar da ke da launin ruwan lemo tana ɗauke da volt 350 zuwa 400 ko fiye, kuma tana kisa nan take. Mai taɓa ta sai ya kashe mota, ya cire ƙaramin batir, ya zare filogin tsaro na babban batir da safar hannu ta volt 1,000, ya jira minti 10, sannan ya auna ya ga sifili kafin ya sa sifana.